Ƙishirwar Sabuwar Randa

A gidanmu na Dala, hira ba ta farawa sai an sauke tuwo, garwashin murhu ya kwanta. Kakarmu, Iya, takan jawo tabarmarta kusa da shi, hayaƙi na tashi a hankali yana ratsa ganyen darbejiya. Ni take fara tsokana.

"Maigidan nawa, yau ma ba cefane? To matso, ga wata tatsuniya nan ta taho."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Tabawa, wata mata da ta sayi sabuwar randa. Ta cika ta da yamma, da safe ta tarar ruwan ya yi ƙasa. Ta zargi maƙwabciyarta, ta zargi akuya, har aljanu ba ta bari ba. Da haushi ya ci ta, sai ta ɗaga taɓarya ta fasa randar. Ta ɗauki katanga guda ta fasasshiyar randar ta duba, sai ta ga jikin yumɓun ya jiƙe har ciki.

A nan Iya takan rage murya. "Daga wuta fa ta fito, 'yan nan. Ƙishirwa take ji. Sai ta tsotsa ta ƙoshi kafin ta riƙe wa wani, har ta sanyaya masa."

Mu dai dariyar Tabawa muke yi, barci na fizgarmu.

Bara, bayan rasuwar ƙanwata, 'yarta Hauwa ta dawo hannuna. Abinci, sutura, lallashi, duk tana karɓa, amma ko murmushi babu. Muka gaji. Na yanke shawarar mayar da ita wurin dangin mahaifinta a Gwale, har matata ta haɗa mata kaya.

Ana gobe za a kai ta, ina ofis ina fassara wani shiri kan noma, na ci karo da kalmar Turanci da ke nufin yadda ƙasa ke shanye ruwan sama. Da ita kuma suke faɗin yadda zuciya ke ɗaukar mummunan labari, sannu a hankali. Na ajiye biro. Na daɗe ina jin ƙanshin jiƙaƙƙen yumɓu a ɗakin da babu ko tulu.

Da na koma gida, na tarar da Hauwa a zaure, jakarta a gefe.

"Kawu, da safe ne?"

"Ba inda za ki," na ce. "Shigar da jakar ciki."

Ta ɗauka, ta shige gabana.