Gajere da Gonar Kwalabe

A Guci an yi wani mutum, Gajere, wanda Allah ya ba ido na karatu ya hana shi ido na gani. Shekara shida ya yi a lakwal, makarantar boko, a Magariya, ya faɗi jarrabawar satifika, ya dawo gida da Faransanci cikin baki kamar ƙashin kifi: bai haɗiye ba, bai tofar ba. Aikinsa karanta wa mutane wasiƙa ranar kasuwa. Gona kuwa yayarsa Indo, wadda mijinta ya rasu, ita ke riƙe da ita.

Wani mushe, wato malamin lakwal, da aka canja wa wurin aiki ya bar masa kwali cike da littattafan almara, masu hoton jiragen da ke zuwa taurari a bangonsu. Gajere ya nutse. A wurinsa duk abin da aka buga da inji gaskiya ne, tun da haka takardar gwamnati take zuwa. Sai ya zauna gindin gawo yana fassara wa masu jiran mota labarin mutanen ƙarfe da garuruwan da ke shawagi a sama.

"Gajere, su ma suna cin tuwo?" in ji Maina mahauci.

"Ƙwaya ɗaya suke haɗiya, ta ishe su mako."

"To kawo mana buhu, mun huta da daka!"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Bai taɓa yi ba.

Shekarar saba'in da uku damina ta yi rowa, rumbuna suka koma gidan gizo-gizo. Abin da ya rage wa Indo shi ne irin gero tiya huɗu, irin mahaifinsu, wanda ko da yunwa ta sa su cin tafasa ba ta taɓa shi ba. A ƙasarmu ana shukar binne: a sa iri cikin busasshiyar ƙasa, a bar shi ya jira ruwan Allah. Gajere ya ce wannan aikin jahilai ne. A littafinsa, mutanen wata jar duniya suna shuka ƙarƙashin gilashi ba su jiran hadari.

Ya tara kwalabe daga bakin iyaka, jaki biyu, ya fasa gindinsu. Cikin tsakiyar bazara, ranar da Indo ta tafi ta'aziyya Kwaya, ya kwashe irin, ya shuka, ya zuba ruwan rijiya, ya kifa wa kowane rami kwalba. Gonar ta yi ta walƙiya kamar an zubar da taurari a yashi. Na gan ta da idona, kuma ban ɓoye ba, ta yi kyau. Kwana huɗu tsiro ya leƙo. Kwana shida rana ta dafa shi cikin kwalba kamar ganyen miya.

Indo ta dawo ta tsaya bakin gona, mayafi a kafaɗa.

"Mushe, ina irin Baba?"

"Yaya, ai rana tasu ba ta kai tamu zafi ba. Marubucin bai faɗa ba."

"Shi marubucin ya taɓa riƙe hauya?"

Ta shiga ɗaki ta farke matashin kanta. Tiya ɗaya ce ɗinke a ciki, don ta san ƙanenta tun yana rarrafe. Ita ta binne, ita ruwan saba'in da huɗu ya tarar, da ita irin mahaifinsu ya tsira.

Littattafan kuwa Indo ta karɓe su diyya. Tana yagar shafi tana ƙunsa ƙuli-ƙuli ranar kasuwa. Shekaru bayan haka ana ganin Gajere yana bin masu saye a baya, yana cewa, "Malam, in ka cinye, ba ni takardar." Ya shafe man da hannun riga, ya karanta a tsaye, yana gyaɗa kai kamar wanda aka ba labarin gida.