Ƙugiyar da Kawu Ya Ɗora wa Kare

Kawuna, ƙanen Ummanmu, mai buga tafireta ne a ofishin sojoji. Bai taɓa riƙe bindiga ba, ko kaza aka ce ya yanka sai ya nemi maƙwabci. Aikinsa takarda, a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da fankar da ta fi bayar da ƙara a kan iska. Tafiretar tasa ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya, saboda haka in ya gama bugu sai ya ɗauki biro ya bi layi-layi yana ɗora wa kowane harafi tasa. Shekara ashirin da huɗu, in ji shi, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Ga shi da son gardama, Allah ya jiƙansa. Ka ce masa rana ta fito, sai ya ce a kawo shaida.

Da yaƙi ya tashi, wana, wanda muke ce wa Dogo, ya ajiye sifanarsa a gareji ya ce soja zai shiga. Umma ta ce sai bayan ranta. Sai ga Kawu da yamma, ya cire takalmi, ya gyara zama.

"Yaya, yaƙi iri-iri ne," in ji shi. "Akwai na kwaɗayi, akwai na dole. Su suka fara. Wanda aka shigo masa gida ya tashi ya kare, ko alƙali ba zai ɗora masa laifi ba."

"Wa ya shigo? Na leƙa har ƙarƙashin gado ban ga kowa ba."

"Kina jira sai sun zo ƙarƙashin gadonki? In kowace uwa ta ɓoye nata, wa zai tsaya?"

"Kai mana, mai tafireta. Ka jefe su da ita."

Muka yi dariya, har shi. Amma bai tashi ba sai da ya cinye awa biyu, kuma da zai fita Umma ta riga ta ce, "To, Allah ya tsare."

Wata bakwai bayan nan aka ajiye wa Kawu jerin sunayen waɗanda za a buga wa iyayensu takardar ta'aziyya. Na huɗu Dogo ne. Ya buga da hannunsa, ya bi da biro, ya kai aka sa hannu, ya hana masinja, ya kawo da kansa. Umma ba ta karatu, sai aka miƙo min. Ina karantawa, har na zo inda aka saba cewa ya rasu a yaƙin kare ƙasa. Ni dai abin da na gani na faɗa: "Ya rasu a yaƙin ƙare ƙasa."

"Kare!" in ji Kawu. "Kare ne, ke!"

Ya fizge takardar. Ga ƙugiya nan zaune a kan harafin, shuɗiya, da bironsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce zai koma ya sake bugawa. Umma ta miƙa hannu.

"Ba ni abata. Hannunka ya fi bakinka gaskiya."

Daga ranar, tsakaninsu sai ina kwana, lafiya lau. In ya zo, ta sa a kai masa ruwa, ita ta shige ɗaki. Yaƙin ya mutu a kan teburin sulhu, manya suka gaisa aka ɗauki hoto. Kawu ya yi ritaya, ya bar gardama, har mutane suka fara tambaya ko lafiya.

Shekara goma sha ɗaya a haka. Da ciwo ya kwantar da shi, na matsa wa Umma har ta bi ni. Muka same shi ya zama kamar tsinke, kwalaben magani jere a kan taga. Ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Yaya," ya ce, "na juya maganar nan ta kowace fuska. Har yau gani nake da ba a tashi ba, da sun tattake mu."

"Wataƙila. Uwar wanda ya harbe shi ma, haka ƙanenta ya gaya mata. Ni ba yaƙin na riƙe ba. Awa biyu ka yi a tsakar gidana kana kawo hujja, ko sau ɗaya ba ka ce min yaron nan zai iya mutuwa ba. Kai da kake buga takardun kullum."

Kawu ya rufe ido. "Da na faɗa, ba za ki bari ba."

"Shi ya sa."

Kawu ya buɗe ido ya dube ta. Can ya ce, "Ki yafe min."

"Ban kai nan ba tukuna," in ji Umma. "Matsa in zauna, ƙafafuna sun gaji."

Ta zauna a gefen gadon, kuma ba ta koma gida ba. Kwana tara ita ke juya shi, ita ke ɗiga masa ruwa da cokali, har ya cika a hannunta. Ko ta faɗa masa kalmar kafin nan, ban ji ba. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce in tashi in kwashe shanya, hadari ya taso.