Hoton da Yayata Ta Bari

Yayata baƙa ce, da ɗan tabon ƙuna a haɓa. A gidanmu na Zaitawa babu wanda ya ga aibun hakan sai ita, bayan ta fara bin shafukan masu kwalliya. Daga nan ba ta yarda a ɗauke ta hoto sai da wayarta, mai haska fata da shafe tabo. Idan na ɗauka da tawa, sai ta karɓa ta goge. Takan ce, tana dariya, "Ke dai kar ki tona mini asiri."

Ta rasu wajen haihuwa. Da dangi suka nemi hoton da za su yaɗa a roƙa mata gafara, muka bincike wayoyin gidan kaf, ba mu sami mai kama da ita ba. Mahaifiyarmu ta daɗe tana duban wanda aka zaɓa, sannan ta ce, "Wannan 'yar wace ce?"

Yanzu 'yar da ta bari ta yi wayo, tana nuna farar matar nan tana cewa Umma. Ni ma idan na rufe ido ina neman fuskar yayata, farar ce take fara zuwa.