Koren keken da aka bar mini amana

Salamu alaikum, ƴaƴana masu hawan keke na ranar Lahadi. Inna Zeinabu ce ta unguwar Bobiel. Na daɗe ban rubuta komai ba a shafin nan. Ban girma da boko ba, sai da na yi furfura na koya, ga hannu kuma bai gama sakewa ba, ku yi haƙuri da ni.

Maigidana Malam lafiya lau, sai dai ya rame. Ɗiyata Rakiya lafiya, ta koma karatu lakwal. Ni da sauƙi. Abokinku kuwa, ɗana na fari da kuke ce wa Mai Kore, ban san halin da yake ciki ba. Tun da ya wuce Agadas neman aiki Aljeriya, damina biyu ke nan, sau ɗaya muka ji muryarsa.

Kun san kekensa. A kasuwar Katako ya tsinto shi cikin tarkacen ƙarafa, tsohon keken Turawa, ba taya ba sirdi. Ya kankare tsatsa, ya yi masa fenti kore, ya yi ta yawon neman kayansa har ya tashe shi. Da shi kuka je Say da Kollo, har Doso sau ɗaya, ya dawo baƙi ƙirin yana dariya.

Ranar da zai tafi ya rataye shi a ɗaki, ya nuna mini yadda zan yi: kada ruwa ya taɓa shi, kada taya ta zauna ƙasa, a ɗiga wa sarƙa man keken ɗinki a juya feda. Ya ce, “Inna, ƙarfe ba ya mutuwa sai an manta da shi.”

Kowace Juma'a ina yi.

Wata Juma'a ina juya feda, haƙorin farantin sarƙa ya tsaga mini tafin hannu. Na tuna masu gyaran moto na bakin hanya, in sun yanke baƙin mai suke shafawa. Na aika aka samo, na shafa, na ɗaure da tsumman da nake goge keken. Jini ya tsaya, na ci gaba da aikina.

Bayan kwanaki na ji muƙamuƙina ya yi nauyi. Na zata haƙori ne. Sai loma ta ƙi shiga, wuya ya sandare. Rakiya ta yar da kwano a tsakar gida, ƙarar kaɗai ta sa bayana ya lanƙwashe kamar baka. A taksi aka kai ni lopital, ina jin kowane rami na hanya a ƙashina.

Likita ya kwance tsumman, ya dubi hannun, ya tambayi yaushe aka yi mini allurar rigakafin tetanos. Malam ya ce tun cikin Rakiya. Aka buɗe ciwon aka wanke, aka sa ni ɗaki mai duhu, aka hana magana da ƙarfi, aka hana salula. Abinci ta roba ake zuba mini a hanci. Kullum sabuwar ordonas ta sayen magani, Rakiya na zirga-zirgar farmasi. Tumakina biyu suka tafi, da zoben aurena.

Hankalina bai taɓa gushewa ba, wannan shi ne azabar. Ina jin komai, ba na iya cewa komai. Na ji likita na gaya wa Malam a bakin ƙofa cewa in numfashi ya riƙe, sai abin da Allah ya yi. Ina so in ce musu in yaron ya kira kada a gaya masa, haƙora sun ƙi buɗuwa.

Bai kira ba.

Na fi wata a kwance kafin bakina ya karɓi cokali. Allah ya saka wa likitoci da masu jinya, da maƙwabtan da suka yi ta kawo kunu, da ku da kuka zo kuka tsaya waje shiru da hulunanku a hannu. Rakiya ta gaya mini.

Ku da kullum hannunku ke cikin ƙarfe, in kun yanke ku wanke da ruwa da sabulu, ku tafi likita ranar, a yi muku allura. Kada ku sa baƙin mai, kada ku sa toka. Wanda ya daɗe bai yi rigakafi ba ya je ya yi. Ni ma da na warke sai da aka sake yi mini.

Da na dawo gida na shiga ɗakin. Damina ta wuce a kan keken ba mai kula. Sarƙa ta yi ja, tsatsa ta fito ƙarƙashin sirdi. Na ɗauki tsumma, yatsuna suka kasa riƙewa.

Malam ya tarar da ni a wurin. Bai yi faɗa ba. Ya ce ya yi magana da mai sayen ƙarafa, zai zo da amalanke ran Asabar. Ya ce, “Zeinabu, na rasa ɗaya. Ba zan zauna ina kallon ƙarfensa ya ɗauke mini ta biyu ba.”

Ban ga laifinsa ba. Shi ya kwana bisa tabarma a harabar lopital duk tsawon jinyar. Amma da ya ce “na rasa”, na gane shi ya gama jira. Ni ban gama ba.

Na roƙe shi, ya yarda in wani cikinku zai ɗauka, ya ɗauka. In ba haka ba, a kilo za a auna shi, a sare.

To ga roƙona. Wanda tsawonsa ya zo daidai da na abokinku, wanda zai hau shi ya fita da shi hanya, ba jingine shi zai yi a zaure ba, ya rubuto mini nan kafin sallar Juma'a. Ba sayarwa ba ce, ba kyauta ba ce. Aro ne. In abokinku ya dawo ya tambaye ni, ina so in san ƙofar da zan nuna masa.