Neman Sabon Rumbun Kwamfuta, Daga Tsafe Zuwa Bungudu

Tun asuba muka shirya, ni da abokin aikina, amma ba mu bar Tsafe ba sai da rana ta ɗaga. Wanda ya san hanyar Gusau a 'yan shekarun nan ya san ba a yi mata sammako. Direbobi kan jira motar farko ta iso daga can ta ce hanya lafiya, sannan a tayar.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna. Duk aikina yana cikin rumbun ajiya guda na kwamfuta, wanda muke kira had-dis. A makon nan ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas, kamar ɓera cikin kwali, kuma na san in rumbu ya fara haka, kowace kunnawa na iya zama ta ƙarshe. Ana cikin haka wata Hajiya ta kira ni daga Bungudu. Maigidanta ya rasu, wayar da ke da bidiyon auren 'yarsu da na ɗauka ta lalace, kuma a cikin bidiyon kaɗai muryarsa ta rage, yana yi wa amarya nasiha. Na ce mata in sha Allahu zan kawo. Ban gaya mata halin da ake ciki ba.

Na naɗe rumbun da tawul na rungume shi. Wata dattijuwa a kusa da ni ta tambaya ko ƙwai ne, na ce ya fi ƙwai rashin ƙwari. Dariyarmu ke nan a motar. Damina ce, dawa ta yi tsawo a gefen titi har ba ka ganin abin da ke bayanta. Kowane rami direba ya faɗa, sai in ji a ƙirjina. Kafin Kwatarkwashi muka tarar motoci sun yi layi, an kashe injuna. Ba wanda ya tambayi dalili da ƙarfi. Wata mata ta rufe bakin ɗanta da gefen hijabi, direba ya karkata sitiyari yadda zai iya juyawa. Can sai wani mai babur ya zo daga gaba ya ce tirela ce ta kwanta a kan titi. Ban taɓa jin mutane suna hamdala saboda tirela ta faɗi ba sai ranar.

Da hanya ta buɗe muka wuce, a Gusau muka tsaya muka sha kunu da ƙosai a tsaye, muka shiga layin masu sayar da kayan kwamfuta. A shago na farko aka miƙo mini wani rumbu mai ƙyalli, wai girman cikinsa tera goma sha shida, a farashin da bai kai na tera ɗaya ba. Abokina har ya fara murmushi. Na ce a jona mu zuba masa kaya mu gani, mai shago ya ce in an buɗe kwali an saya. Muka yi masa sallama. Araha ba ta ado.

Rumbunan shago na gaba 'yan gwanjo ne, manya kuma da sauƙin kuɗi. Da muka jona ɗaya, kwamfuta ta nuna ya yi shekaru yana aiki ba hutu. Tsoho nake gudu, ba zan sayi sa'ansa ba.

A ƙarshe muka zauna a shagon wani Ibo da ya daɗe a Gusau, Hausarsa ta Zamfara tsantsa. Ya ajiye mini biyu. Ɗaya irin na zamani ne, marar faifai mai juyawa, ga sauri ga jure jijjiga, amma abin da ke aljihuna ba zai sayi wanda zai ɗauki ko rabin aikina ba. Ɗayan sabo ne mai faifai, tera huɗu, da garanti, sai dai bai kai wancan gudu ba. Na daɗe ina kallonsu. Sauri nake so, domin dole mu je Bungudu mu koma Tsafe kafin la'asar ta yi sanyi. Amma sauri ba ya ƙara wuri. Na ɗauki mai tera huɗu.

Nan take muka jona tsohon. Ya yi ƙara, ya yi shiru, sannan ya buɗe. Mai shago ya ce, "Malam, wanga ba ya kai ka ƙarshe. Fara da abin da ka fi so."

Na fara da na Hajiya. Layin kwafi yana tafiya kamar hawainiya, ya tsaya a tsakiya, ƙarar ta dawo. Abokina ya sa kwali yana yi wa rumbun fifita. Ni kuwa salati kawai nake. Da ya gama, na kunna na ga marigayin cikin farar babbar riga, na ji muryarsa tar. Sai na bi da bukukuwan mutane, tunda amana ce. Na gidana na bar su a ƙarshe. Ana kiran azahar rumbun ya yi wata doguwar ƙara ya ɗauke. Muka cire muka mayar, muka canza wayar jonawa, ko motsi. Bidiyon sunan ɗana na fari yana cikin abin da bai fito ba.

Ba lokacin zama. Muka kama motar Bungudu, muka wuce Furfuri, manoma suna ta aiki kusa da titi. A gidan rasuwa aka shigar da ni zaure, na miƙa kwafin da na zuba mata a katin memori, aka kai ciki. Daga inda nake na ji muryar mamacin ta tashi, sai gidan ya yi tsit, sannan wata ta fashe da kuka. Aka fito mana da fura da hoce, da saƙon Hajiya cewa Allah ya rufa mini asiri. Muka sha a gurguje.

Motar ƙarshe muka samu daga Gusau, direba yana gudu yana duban rana. Mun shiga Tsafe ana alwalar magariba.

Da na gaya wa matata abin da ya salwanta, sai ta ce shi yaron ai ga shi nan yana wasa a tsakar gida, ita Hajiya fa?

Abin da na koyo a tafiyar nan: kada girman da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka, kada ka sayi abin da aka hana ka gwadawa, kuma abin da ke wuri ɗaya tak, ɗauka ba ka da shi. Sabon rumbun ma zan yi masa ɗan'uwa, tun yana shiru.