Lemon Injiniya a Gonar Albasa

Ko da zan manta sunan kakata, ba zan manta da ranar da muka je auna ruwan ƙauyenmu da lemo ba. Ku sababbin yaran Hajiya kullum kuna tambaya me ya sa ake ce mini Manaja alhali manjagara ce a hannuna. To ku zauna ku ji.

A lokacin ina injin casar shinkafa na Hajiya Rabi a Kura, ni ne mai kula da janareto. Janareton nan ya fi raƙumi sha. Ka zuba masa gas da safe, kafin ka rufe jarka ya fara tari yana neman ƙari. Wata rana Hajiya tana ta faɗa a kansa, sai bakina ya kubce na ce, "Hajiya, ai a garinmu Kwarin Gawo akwai inda ruwan kanal yake faɗowa daga sama. Ƙararsa har Bunkure ake ji. In aka sa masa farfela ya ba da wutar lantarki, Kano gaba ɗaya sai ta sha ƙanƙara."

Ni dai na faɗa ne don ta daina faɗa. Ashe ta riƙe. Bayan mako biyu sai ga ta da wani Injiniya Bashir, mai harkar ƙananan injinan wutar ruwa. Ta ce in ruwan ya isa, za ta kafa sabon injin casa a wurin, ragowar wutar ta bar wa gari, ni kuma in kula da shi. "In kuma ƙarya ka yi mini, Idi, a ƙafa za ka dawo Kura."

Na aika wa Kawu Sale, shugaban manoman rani na garinmu, cewa muna tafe auna ruwa ranar Asabar. A saƙon na ɗan ƙara gishiri, na ce an riga an naɗa ni manajan wuta. Amma fa na san faɗuwar ruwan nan tun ina tsirara. Da rani, in manoma suka buɗe ƙofofin da ke kai ruwa gonakinsu, abin da yake isowa wurin ko akuya ba zai tsorata ba.

Da hantsi muka isa. Tun kafin direba ya kashe mota na ji wani ruri. Na leƙa, sai ga ruwa ya cika kanal taf, yana tsalle, yana kumfa, yana fesa wa mutane a fuska. Wallahi sai da na murza ido. Na ce a raina, Idi, ashe kai waliyyi ne ba ka sani ba, ƙaryarka ma karɓa ake yi! Gari kuwa ya fito kaf. Kawu Sale ya sha babbar riga, yara suna ihu, "Ga Manaja! Ga Manaja!" Na ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

Ga yadda ake awon, don wata rana za a aike ku. Da farko Injiniya ya auna tsayin da ruwan yake faɗowa, sannan faɗin kanal da zurfinsa. Saura gudu. Sai ya kafa sanda biyu a gaɓa, ya fito da buhun lemo. Ya ce lemo yana nutsewa rabi, iska ba ta tura shi, don haka gudunsa shi ne gudun ruwa. Shi zai jefa a sandar farko ya duba agogo, ni in tsaya a ta biyu in yi ihu in ya wuce.

Lemo na farko bai iso ba. Yara bakwai suka yi tsalle a kansa, har ɓawon ban gani ba. Na biyu ma haka. Sai da Hajiya ta raba musu rabin buhu aka samu zaman lafiya. Na uku kuwa ya wuce ni kamar ɗan acaɓa ya ga 'yan sanda. Kafin in buɗe baki ya kai Madobi.

Injiniya ya danna kalkuleta, ya cire hula, ya sake dannawa. "Hajiya, in haka yake kullum, wannan zai ja injin casa biyu."

"Kullum, ranka ya daɗe!" in ji Kawu Sale. "Yau ma ya ɗan yi sanyi ne."

Hajiya ta dube ni tana murmushi. Ni kuwa na riga na fara zaɓen kalar fentin ofishina.

Sai ga Baba Tanko, wani dattijo mai gonar albasa, ya taho da fartanya a kafaɗa. Kunnensa ya yi nauyi, don haka in yana raɗa ma ana ji a masallaci.

"Sale! Baƙin naka sun gama kallon? Tun jiya ka sa kowa ya toshe ƙofarsa da buhun yashi! Dashena ya kwanta, in buɗe ko kuwa?"

Ruwan kuwa yana ta rurin ƙarya. Kawu Sale ya ce, "Baba, ana magana da manya."

"Manya za su ba albasata ruwa?"

Injiniya ya fashe da dariya har ya zauna a kan buhun lemo. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam Sale, kowa ya je ya buɗe gonarsa. Ni mai casa ce. In gonakinku suka bushe, me zan casa, wutar?"

Aka watse da gudu, don dama kowa hankalinsa yana kan shukarsa. Muka zauna a inuwa muna kallon ruwa yana ramewa kamar mai azumin nafila. Bayan azahar Injiniya ya ce a sake, amma yanzu daga can sama zai jefa, gaban ƙofofin. Na tsaya a sandata. Na jira. Na yi hamma. Na haddace fuskar wani kwaɗo. Can sai ga Baba Tanko yana tafe yana ɓare lemo.

"Wa ya aiko mini da wannan? A kwamin albasata na tsince shi. Allah ya yi albarka."

Na dubi hanyar Kura, na dubi silifas ɗina, na fara yi musu ta'aziyya.

Amma Injiniya ya tambayi Baba Tanko ko akwai wata faɗuwar kafin ruwa ya fara shiga gonaki. Baba ya ce akwai mana, a Tudun Gawo. Tudun Gawo! Mutanen da ko ƙwallo muka buga da su sai an kira mai unguwa! Kawu Sale ya ce ruwansu ba shi da albarka. Hajiya ta ce a shiga mota.

Can Tudun Gawo Injiniya ya yi ta komawa, da rani da damina, har da lokacin da ake rufe kanal don yashe. Ya gaya wa Hajiya injin casa ɗaya zai ja, kuma kada ta sayar da janareto. Ta yi sintirin neman izini a ofishin masu kula da ruwa, sannan aka kafa farfelar da kuke gani. Ni ma ba a kore ni ba. Hajiya ta ce ƙaryata ce ta kai ta wurin, don haka in riƙe manjagara in dinga kwashe ciyawa da leda daga ragar injin.

Abin da na koya shi ne, ruwa kamar saurayi yake ranar zance: kada ka auna shi ranar da ya ci ado, ka koma ranar da yake aiki. Mutanenmu kuma ba mugaye ba ne, wuta suke so har suka yarda gonakinsu su kwana da ƙishi.

Kawu Sale ya rantse ba zai taɓa amfani da wutar Tudun Gawo ba. Wayar nan mai tocila da kuke gani a soket na ƙarshe, kowace safiya yake saka mini ita a aljihu, ya ce, "Manaja, in an tambaya ka ce taka ce."