Shekarar da Kambonmu Ya Ɗauki Kofi

Shekaranjiya na yi wautar da ba ta dace da mai furfura ba. Jikana ya kawo mini wayarsa yana nuna mini wata ƙungiyar ƙwallo ta ƙasar Ailan da ta lashe gasar ƙasarsu, 'yan wasan sun jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, suna ɗaga kofi cikin ruwan sama. Na ce masa ai ni ma na taɓa ɗaga irinsa. Ya dube ni, ya dubi tumbina, ya tuntsire da dariya. Sai na miƙe in nuna masa yadda nake buga ƙwallo da hagu. Na kai wa iska shuri, ƙafata ta sami tukunyar gahawa, takalmina kuma ya haura katanga ya faɗa gidan maƙwabci. Har yanzu ƙuguna bai yafe mini ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne lakar nan da ke gwiwoyin Turawan. Ina ganinta warin lakar tur'a ya dawo mini hanci, baƙa mai danƙo, mai warin ruɓaɓɓiyar ciyawa.

A kambo aka haife ni, tsakanin Hasahisa da Kamlin, garuruwan Larabawa ne can gabas, kan tsohuwar hanyar Makka ta ƙafa. In ba ka sani ba, kambo shi ne 'yan bukkokin da ma'aikatan auduga ke zama a bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ta taso tun daga madatsar Makwar. Ƙauyen masu gonaki yana can da masallacin siminti da famfo. Mu muna nan da sauro, sauron da in ya cije ka sai ya zauna ya huta kafin ya iya tashi. Daga ruwan tur'a muke sha, a ciki muke wanka, daga gare shi kuma muke kwasar tsargiya. A cikinmu yaron da bai taɓa fitsarin jini ba, gani muke bai girma ba tukuna.

Babana yana riƙe da hawashar wani Balarabe, wato gonar audugar da aka yanka masa. Mu ke shuka, mu ke noma, mu ke ban ruwa, mu ke tsinka, shi kuma ya ba mu rabonmu na dawa da izinin zama a bakin gonarsa. Ruwa kuwa da layi yake zuwa. Ranar da layinka ya zo, gafir mai tsaron ruwa zai buɗe ƙofa da makullinsa, ruwa ya biyo ƙaramar kwata zuwa gonarka, kai kuma ka tsaya da fartanya kana buɗe wannan kunya kana toshe waccan har gona ta sha. In ka yi sake ruwa ya wuce ka, auduga ta bushe. In ka bari ya ɓalle ya kwanta a kanta, ta ruɓe, ya kuma shiga gonar maƙwabci. Ko wanne ya faru, mai hawasha ba ya doguwar magana. Wani gidan zai nemo, ku kuma ku ɗaure tabarminku ku bi bakin tur'a kuna neman inda za a karɓe ku.

A shekarar da nake ba ka labari, wajen ƙarshen shekarun sittin, tsargiya ta kwantar da Baba. Cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka zama kamar karan dawa. Aikin hawasha ya koma wuyan yayana, wanda bai daɗe da fara aske gemu ba. A wannan shekarar ce kuma aka yarda, karo na farko, ƙungiyar kambo ta shiga gasar ƙauyukan yankinmu.

Kada ka zaci wata ƙungiya ce. Mu goma sha ɗaya ne cif, babu na canji. Rigunanmu buhunan gari ne da iyayenmu mata suka rina da shuni, kuma da zarar mun yi gumi sai mu koma shuɗaye har wuya. Filinmu gonar da aka bari ta huta ce, ƙasarta ta tsattsage, ramukanta in ƙaramin yaro ya faɗa sai an zura masa igiya. Takalmi ƙafa ɗaya ne a ƙungiyar duka, na dama, kuma karɓa-karɓa ake yi da shi. Ni ina gefen hagu, ina da shekara goma sha biyar da ƙafafu kamar na zalɓe, gudu kuwa na taɓa tsere wa ƙwallon da ni da kaina na buga. Yaya shi ne mai tsaron gida. A nan ba na ƙari: hannunsa ya saba cafke bakin kwata da laka, ƙwallo ba ta tsorata shi.

Muka fara ci. Muka ci ƙauyen masu famfo, muka ci 'yan tasha, muka yi kunnen doki da 'yan makaranta. Duk inda muka je ana yi mana ihu da Larabci: “Ya Fallata, ku koma garinku!” Fallata shi ne sunan da suke kiran irinmu da kakanninmu suka zo daga yamma, mu da ba mu san wani gari ba sai bakin tur'ar nan. Mukan yi dariya a fili, amma maganar takan biyo mu har gida.

Mutum ɗaya ne a kambo bai taɓa zuwa kallonmu ba, shi ne kakana na wajen uba. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato yana saurayi, da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a Makwar lokacin da ake haƙa hanyoyin ruwa, ya ɗauki kwando ya shiga cikin masu haƙa. Makkar da bai kai ba ke nan. Kullum da yamma yana bisa buzunsa a inuwar bukka, in na wuce da shunin rigata a wuya sai ya tsayar da ni.

“Kai, mai ƙafar zalɓe. Yau ma kun tai bin fatar akuya?”

“Mun ci biyu, Kaka.”

“Kun ci? Ina abin da kunka ci? Ni ban ga ka ƙara ƙiba ba.”

In ce masa hassada yake yi don kakata ta fi sona da shi. Ya jefo mini takalminsa, in gudu da shi.

Wasan ƙarshe ya faɗo a tsakiyar sanyi, a Hasahisa, da 'yan gidan gurzar auduga. In mun ci, kofi namu ne. In mutum ɗaya bai je ba, an cire mu ba tare da an buga ba. Ana saura kwana biyu gafir ya biyo ta gona a kan jakinsa ya ce wa Yaya layin ruwanmu ranar Juma'a ne. Ranar wasan ke nan. Yaya ya roƙe shi ya ɗaga mana zuwa Asabar. Gafir ya ce, “Ya zol, bawan Allah, ruwa daga Makwar yake tasowa, ba daga aljihuna ba.”

Yaya ya zagaye kambo yana neman wanda zai riƙe masa. Duk namiji mai ƙarfi yana da nasa layin a wannan ranar, mata kuma sun fara tsinka. Da la'asar ya dawo ya zauna a ƙofar bukkar Baba ya ce shi ba zai je ba. 'Yan ƙungiya suka taru a tsaye, babu mai iya cewa ya tafi, domin kowa ya san abin da ke kan ruwan nan. Inna tana daka, ta daina. Daga ciki Baba ya ce, da muryar da ba ta fita sosai, “Gona ita ce gidanmu. Ka sani.”

Sai Kaka ya yi gyaran murya daga kan buzunsa.

“Ku tai. Ni ka riƙon ruwa.”

Yaya ya ce, “Kaka, ana sanyi. Kuma kwatar nan ɓeraye sun cinye gindinta.”

“Kai za ka gaya min kwata? Ubanka ba a haife shi ba munka haƙa ta.” Ya juyo gare ni. “An ce can suna ce muku ku koma garinku?”

Na ce haka ne.

“To ku tai ku gwada musu garin.”

Ranar Juma'a da hantsi gafir ya buɗe ƙofar ruwa. Muka bar Kaka a bakin kwata, ya naɗe wandonsa, fartanya a kafaɗa, iska mai sanyi tana kaɗa 'yar rigarsa. Yaya ya yi ta waiwaye har motar auduga da muka hau ta sha kwana. Abin da ba mu sani ba shi ne, gafir ma yana son ƙwallo. Yana buɗe ruwa ya sa makulli a aljihu ya kama hanyar Hasahisa, ba mai iya rufe ƙofar sai ya dawo. Ni da kaina na hango shi cikin 'yan kallo yana cin gyaɗa, ban kawo komai a raina ba.

Wasan kuwa, 'yan gidan gurza kowannensu da takalmi mai ƙusoshi, cinyar guda ɗaya ta yi ni biyu. Mai tsare ni in ya yi numfashi sai in ji rigata tana kaɗawa. Sun yi ta luguden ƙwallo a gidanmu, Yaya yana tarewa da hannu, da ƙirji, sau ɗaya da fuska har leɓensa ya fashe. Can kusa da tashi ƙwallo ta zo mini a gefe. Na sha gaya wa mutane cewa na yanke mutum biyar. Gaskiyar ita ce na runtse ido na buga don kada ƙaton nan ya take ni, ƙwallo ta bugi gwiwar ɗan kawuna da ke ƙungiyarmu ta shige gidansu. Aka hura usur. Filin ya yi tsit, sai ihun 'yan kambo da ba su cika mota ɗaya ba. Aka miƙa wa Yaya kofi, ya ɗaga, jini na zuba a haɓarsa, bai ko tsaya gaisawa da manya ba ya ce mu hau mota.

Mun iso rana ta yi ja. Muna waƙa, muna dukan jikin mota, sai Yaya ya ɗaga hannu. Daga kan hanya ana ganin ƙyallin ruwa a inda bai kamata ruwa ya kasance ba, a gefen gona ta gabas. Ya dira tun mota ba ta tsaya ba. Muka bi shi a guje.

Gindin kwata ya ɓalle, faɗin ƙofar ɗaki. A cikin ɓarakar Kaka yake zaune, ya ba ruwa baya, ya buɗe hannuwa ya dafa gefe da gefe, ruwa har ƙirjinsa. Haka masu haƙa suke yi a zamaninsu: in gini ya ɓalle, mutum ɗaya ya zauna a bakin ya tare da jikinsa, sauran su yi ta zuba laka a bayansa har ya toshe. Ya yi abin da ya sani. Sai dai a wancan zamanin su ɗari ne a bakin aiki, yau kuwa shi kaɗai ne, kowa yana can cikin tasa gonar, iska kuma ta kwashe kiransa. Ya gane in ya tashi neman mutane ruwa zai share gonar kafin ya dawo. Tun bayan azahar yake zaune a wurin.

Leɓunansa sun yi fari, haƙoransa na kaɗawa. Ya ɗago ido ya dube mu, shuɗaye har wuya.

“Kun ci?”

Na ce, “Mun ci, Kaka.”

“To ku kawo laka.”

Muka tuɓe rigunan buhu muka cika su da laka, muka yi ta jerawa a bayansa, mu goma sha ɗaya. Kofin yana yashe a kan kunya, babu wanda ya tuna da shi. Da ɓarakar ta toshe muka ciro shi, ƙafafunsa ba sa miƙewa, Yaya ya goya shi a baya kamar jariri. A hanya ya ce mini a kunne, da ƙyar, wai in gaya wa kakata kada ta ba ni tuwonsa.

Kunya kaɗan ne suka lalace. Ruwa bai shiga gonar maƙwabci ba. Mai hawasha ya zo washegari ya zagaya, ya gyaɗa kai, ya ce ya ji an ce Fallata sun ci kofi, mabruk, wato barka. Bai tambayi wanda ya riƙe ruwa ba, mu ma ba mu faɗa ba.

Yau in ka je wurin, kwatar ta cike da ciyawa, rabin gonakin ba sa ganin ruwa, bukkokin sun zama ɗakunan bulo. Yaran kambo suna buga ƙwallo da takalmi ƙafa biyu, suna zagin juna da Larabci, Hausarsu ta gaisuwa ce kawai. Ba wanda ke hana su shiga gasa, kuma ba su san an taɓa hanawa ba.

Tari ya kama Kaka a daren, ya sauka masa a ƙirji. Inna ta yi ta dafa masa citta da kanumfari, aka kai shi wurin mai allura a ƙauye, bai tashi ba. Ya rasu kafin a gama tsinkar auduga, muka binne shi a tudun bayan tur'a. Baba ya bi shi da damina. Kofin na karɓa-karɓa ne, da shekara ta zagayo aka aiko aka ɗauke shi. Yaya bai sake tsaron gida a ƙwallo ba, mu kuma ba mu sake cin komai ba. Hawashar mun riƙe ta shekara biyu bayan haka, sannan mai ita ya ba ɗan ƙanwarsa, muka ɗaure tabarminmu muka koma wani kambo kusa da Kamlin.